Rumbun Talaka da Zargin Rashin Tanadi

Tun daga lokacin da tsadar abinci ta tsananta a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, rubuce-rubuce sun yawaita a kan musabbabin yunwar da ke addabar mutanen karkara, kuma daga cikinsu akwai wata maƙala da ta samu karɓuwa ƙwarai a wurin masu karatu na birni, wadda marubucinta ya ɗora nauyin matsalar kacokan a wuyan manomi. Hujjarsa ita ce magidancin ƙauye yakan kwashe amfanin gonarsa ya kai kasuwa da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha, ya kashe kuɗin a hidimar aure da suna da ƙarin mata, sannan idan damina ta yi nisa ya koma kasuwar nan ya sayi hatsin da ya rabu da shi a kan ninkin kuɗinsa. Saboda haka, a ganinsa, maganin yunwar karkara shi ne a wayar da kan manoma game da tanadi, sarakuna da malamai su ƙayyade abin da ake kashewa a bukukuwa, hukuma kuma ta hana fitar da hatsi daga ƙauyuka har sai an tabbatar kowane gida ya ajiye abin da zai kai shi wata kakar. Wannan ra'ayi ya cancanci martani mai tsawo, domin tsohon zargi ne da jami'an mulkin mallaka suka sha rubutawa a rahotanninsu, kuma har yau shi ne ke sa a shirya taron faɗakarwa a garin da ke bukatar rance da tsaro.

Abin da marubucin ya gani a kasuwa gaskiya ne, babu mai musun sa. Farashin gero da dawa da masara yakan faɗi daga Oktoba zuwa Disamba, ya fara tashi da bazara, ya kai ƙololuwa tsakanin Yuli da Agusta, wato lokacin marka, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar manoma duka tamkar mutum ɗaya mai hali ɗaya. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarar 1967 kuma ta wallafa bincikenta a littafin Rural Hausa a 1972, ta kasa gidajen garin gwargwadon yadda kowanne ke iya jure watannin yunwa, sai ta tarar cewa masu hali su ne ke riƙe hatsinsu, har su sayi na maƙwabta su ƙara, su jira farashi ya tashi, alhali marasa hali ne ke sayarwa tun dami bai gama bushewa ba. Su biyun gari ɗaya suke, malami ɗaya ke yi musu wa'azi, bukukuwa iri ɗaya suke halarta, kuma kowannensu ya san sarai yadda farashi zai kasance da marka, tunda a gabansa abin ke faruwa kowace shekara. Da jahilci ne ko sakaci ke sa a sayar da kaka, da an ga wannan hali ya bazu a tsakanin masu shi da marasa shi ba tare da bambanci ba, amma abin da ake gani shi ne yana bin layin talauci sak.

Dalilin sayarwar yana cikin watannin da suka gabaci kaka, waɗanda marubucin bai waiwaya ba ko kaɗan. Gidan da hatsinsa ya ƙare a watan Yuni dole ya ci bashi kafin ya kai Satumba, kuma a daidai wannan lokaci ne ake bukatar kuɗin taki, a daidai lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, wanda ke nufin kuɗin magani da na mota zuwa asibiti. Daga cikin hanyoyin cin bashin akwai falle, wato mutum ya karɓi kuɗi ko hatsi tun amfanin gona yana tsaye, a kan alƙawarin zai biya da damma ko buhuna idan an girbe, kuma mai bayarwa ne ke yanke farashin. Ko da an bar maganar riba gefe, lissafin kansa yana cutar mai karɓa, domin wanda ya ranci kuɗin buhu ɗaya da marka, idan farashi ya ragu da rabi a kaka, sai ya sayar da buhu biyu kafin ya biya wannan kuɗi. Don haka kaso mai yawa na hatsin da ake gani yana kwarara zuwa kasuwannin ƙauye a watan Nuwamba ya riga ya fita daga hannun manomi tun yana gona, abin da ya rage kawai shi ne a auna a miƙa wa mai shi. Magidancin da ya ƙi biya domin ya cika rumbunsa ya toshe wa kansa ƙofar da zai ƙwanƙwasa baɗi, kuma a ƙauye mutuncin biyan bashi dukiya ce da ba a wasa da ita. A kan wannan akwai tarko na biyu, wanda Hill ta bayyana da cewa talauci yakan kai matsayin da zai hana mutum noma gonarsa: wanda ba shi da abincin yau sai ya tafi ƙwadago, wato aikin lada a gonar wani, a daidai makonnin da tasa gonar ke bukatar noman fari, ciyawa ta danne shukarsa, amfanin ya ragu, shekara mai zuwa rumbun ya ƙare da wuri fiye da na bana.

Wannan matsi na neman kuɗi da kaka yana da tarihi, kuma tarihin bai goyi bayan marubucin ba. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina kuma ya wallafa littafin Silent Violence a 1983, ya nuna yadda mulkin mallaka ya mayar da haraji abin biya da tsabar kuɗi, ana karɓar sa bayan girbi, ta yadda ko manomin da ba ya da niyyar sayar da ko tiya ɗaya sai ya sayar domin ya sallami dagaci. An buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa nan take, shekara guda bayan haka ruwa ya yi ƙaranci, aka faɗa yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta hallaka dubban mutane a Kano da Katsina da Damagaram yayin da hukuma ba ta sassauta neman harajinta yadda ya kamata ba. Yunwar Mai Buhu ta 1927 da ta 'Yar Gusau ta 1942 sun biyo baya a ƙarƙashin tsari iri ɗaya. Ba wai kafin zuwan Turawa ba a yunwa ba, an yi ta har a zamanin Daular Sakkwato, sai dai a wancan lokaci akwai gandu, wato babban gida da uba da 'ya'yansa da ƙannensa ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, akwai zakkar hatsi da ake tarawa a hannun masu sarauta, kuma ana sa ran mai hali, musamman sarkin noma, ya buɗe rumbunsa idan shekara ta ɓaci. Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, amma bukatar tsabar kuɗi ba ta tafi tare da haraji ba, ta sake kama ne ta koma kuɗin taki da na feshi da na asibiti da na makaranta, yayin da gandun da ke raba nauyin ya rarrabe, gonaki kuma suka ƙanƙance ta hanyar rabon gado.

Hujja mafi ƙarfi a kan zargin rashin tanadi ita ce yadda gidan karkara ke tafiyar da kansa idan ya hango shekara ba za ta kai ba, domin matakan da yake ɗauka suna da tsari, kuma tsarin nasu na mai dogon hange ne. Da zarar an kammala girbi aka ƙirga damma aka ga ba za su isa ba, magidanta da yawa sukan rufe rumbu, su liƙe bakinsa, ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka, saboda sun san abincin da ya fi kowane abinci daraja shi ne wanda za a ci a yi noma da shi. Sannan maza majiya ƙarfi su tafi ci-rani, wato neman kuɗi a wani gari har rani ya wuce, su yi ga-ruwa ko dako ko leburanci ko aikin lambu a fadama, kuma amfanin tafiyar biyu ne, tunda ko ba a dawo da kuɗi mai yawa ba an rage bakin da ke ci daga rumbu na tsawon wata biyar ko shida. A gida kuwa mata sukan riƙe yara da abin da suka samu daga gayauna, wato ƙaramar gonar da mutum ke nomawa don kansa ban da ta gandu, da kuma ribar sana'ar cikin gida irin su ƙuli-ƙuli da fura da daddawa. Idan abin ya ƙara matsewa sai a rage yawan ci, tuwon dare ya koma kunu ko fate, a yawaita ganye a rage tsaba, a shiga kwaɗon zogale da rama da tafasa da yaɗiya, a nemi goruba da aduwa da magarya da garin ɗorawa. A arewacin yankin, inda ƙasa ta fi bushewa, ana komawa ga 'ya'yan anza, waɗanda ɗacinsu da gubarsu ba sa fita sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa, kuma sanin yadda ake sarrafa su ilimi ne da tsofaffin mata ke riƙe da shi daga wata yunwa zuwa wata. Sai bayan duk wannan ne ake taɓa dukiya, a nan ma da tsari: kaji da akuya tukuna, sannan kayan ɗakin mata, sannan sa ko jaki da garma, sannan jingina, wato a ba wani gona ya noma a madadin kuɗin da aka karɓa har ranar da aka iya fansa, sannan sayar da gonar ɗungurungum, wanda daga shi sai ƙaura.

Watts ya lura da wannan jeri a Kaita, Michael Mortimore ya bi diddigin irinsa a ƙauyen Dagaceri, da ke cikin Jihar Jigawa a yau, tun daga farin shekarun 1970 har zuwa na 1980, ya bayyana shi a littafin Adapting to Drought na 1989, kuma Alex de Waal ya tarar da shi a Darfur ta Sudan a yunwar 1984 zuwa 1985, inda ya ga mutane suna jure yunwa mai tsanani alhali suna da iri a ɓoye da 'yan dabbobin da suka ƙi sayarwa. Ma'anar jerin a bayyane take: gida yana fara yin abin da za a iya warwarewa idan sauƙi ya zo, yana jinkirta abin da ba ya dawowa. Mutanen da suka zaɓi su kwana da yunwa a watan Afrilu domin su samu abin shukawa a watan Yuni ba za a yi musu adalci ba idan aka ce ba su san tanadi ba, sai dai wannan tanadi yana da tsada mai nauyi, kuma ƙananan yara da mata masu ciki da masu shayarwa ne ke biyan mafi yawanta, domin jikin babba yana iya farfaɗowa daga watanni uku na kunu da ganye, amma yaron da bai kai shekara biyu ba yakan fita daga cikinsu da tamowa ko tsumburewar da za ta bi shi har girma.

Maganar biki, wadda marubucin ya fi jaddadawa, tana bukatar a rarrabe. Gaskiya ne lefe da kayan ɗaki sun yi nauyi a birane da manyan garuruwa, kuma malaman da ke kira a sassauta suna da hujja. Amma a ƙauye gudummawar da ake kai wa mai biki bashi ce ta zumunci da ake tunawa da ita dalla-dalla, a mayar da ita ko fiye idan mai bayarwa ya tashi nasa, kuma matan da ke wannan mu'amala a tsakaninsu su ne dai waɗanda za su aiko da kwanon tsaba ko su ba da aron akuya idan gida ya shiga matsi. Kwanuka da tasoshin da ake jere wa amarya ajiya ce da take iya sayarwa ko jinginarwa ba tare da neman izinin kowa ba, kamar yadda adashi yake ajiya ga matar da ba ta taɓa shiga banki ba. Wanda ya janye daga hidimar dangi domin ya tsimi buhu ɗaya ya yanke igiyar da za ta ciro shi a shekarar da buhu goma ba za su isa ba. Bugu da ƙari, gidajen da 'ya'yansu ke cika cibiyoyin kula da tamowa ba su ne masu yanka sa a ranar suna ba, kuma marubucin ya haɗa almubazzarancin masu hali da yunwar marasa hali ya mayar da su labari ɗaya.

Akwai kuma abin da babu tanadin gida ɗaya da zai iya tarewa, wato rugujewar farashi a yanki baki ɗaya. Amartya Sen, a littafinsa Poverty and Famines na 1981, ya kafa hujja da yunwar Bengal ta 1943 da wasu irinta cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan a kasuwa, idan abin da suke da shi na musanya, ko ƙarfinsu ne ko dabbarsu ko sana'arsu, ya daina sayen abincin da zai ishe su. Abin da ya faru a Nijar a 2005 ya yi daidai da wannan bayani. Ƙarancin ruwa da farin ɗango sun rage amfanin gonar 2004, amma raguwar a ƙasa baki ɗaya kimanin kashi 10 cikin 100 ce idan aka gwada da matsakaicin shekarun da suka gabata, giɓin da bai isa shi kaɗai ya haifar da abin da aka gani ba. Farashi ne ya yi ɓarnar: hatsi ya yi tsada a Nijeriya ma a wannan shekara, ya riƙa bin kuɗi yana tsallaka iyaka zuwa kudu maimakon ya shigo, har buhun gero mai kilo 100 ya haura sefa 25,000 a kasuwanni da dama da marka, fiye da ninki biyu na farashinsa na kaka, yayin da farashin dabbobi ya faɗi saboda rashin ciyawa da kuma yadda kowa ya fito da tasa a lokaci ɗaya. Akuyar da aka kiwata musamman domin irin wannan rana sai ta kasa sayen rabin abin da aka sa rai. Abin lura shi ne inda cutar ta fi tsanani, domin a jihar Maraɗi ne, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi mafi yawan yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani da ta yi wa magani a Nijar a shekarar. Gwamnati ta daɗe tana dagewa a kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa, abin da wanda ba shi da ko dala ba ya amfana da shi, Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa, kuma sai a watan Agusta aka shiga rabon kyauta gadan-gadan, bayan gidaje da yawa sun riga sun sayar da abin da ba zai dawo ba.

Halin da ake ciki a arewacin Nijeriya a shekarun nan ya fi na 2005 muni ta fuska ɗaya, wato matakan da gida ya saba bi ɗaya bayan ɗaya an kakkarya su a lokaci guda. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, 'yan bindiga suna sa wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka da kafin a yi girbi, suna kore shanu da awaki, suna ƙona rumbuna, kuma kuɗin fansar mutum ɗaya yakan cinye hatsi da dabba da gonar dangi gaba ɗaya. A irin wannan wuri cikakken rumbu haɗari ne ga mai shi, saboda haka sayar da hatsi da wuri a riƙe kuɗi, ko a kai shi ajiya cikin gari, shi ne abin da mai hankali zai yi, kuma shawarar a cika rumbu a jira marka shawara ce ta wanda bai san yadda ake kwana a can ba. Shiga daji neman ganye da itace, wanda shi ne mataki mafi sauƙi a da, ya zama kasada ga mata. A Borno, kisan da Boko Haram ta yi wa masu girbin shinkafa fiye da 40 a kusa da Zabarmari a Nuwamban 2020 ya nuna abin da zuwa gona ke iya jawowa. A kan rashin tsaron sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa manomin da ba shi da asusun banki ya sayar wa duk wanda ke da tsabar kuɗi a kan farashin da ya ga dama, sai cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu ta wannan shekara, wanda ya ninka kuɗin motar mai ci-rani da kuɗin ban-ruwan mai noman rani, sai rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ƙididdigar hukuma, har aka ga afafata, wato ɓarzajjiyar shinkafar da masu casa ke warewa a da don kiwon kifi, ta zama abincin gidaje a Kano. Ƙiyasin haɗin gwiwar gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a ƙarshen 2024 ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a Nijeriya a daminar 2025. Halayyar manomi ba ta sauya a cikin shekara uku ba har da za ta bayyana wannan adadi, abin da ke kewaye da shi ne ya sauya.

Daga cikin shawarwarin marubucin, hana fitar da hatsi ce ta fi haɗari, domin tana da daɗin ji kuma hukumomi suna saurin rungumarta. Idan aka toshe hanyar hatsi da kaka, masu saye sukan ragu, farashi ya ƙara faɗuwa, talakan da bashi ke jira sai ya ba da buhu uku a inda da zai ba da biyu, bashin kuwa ba ya gogewa don an sa doka. Ƙauyen da aka hana fitarwa bana shi ne zai bukaci a shigo masa da hatsi baɗi, tunda ruwan sama a wannan yanki yakan cika wa wani gari gona ya tsallake maƙwabcinsa. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wannan a 1984, lokacin da Nijeriya a ƙarƙashin Buhari ta rufe iyakokinta a tsakiyar fari mai tsanani, hanyar hatsi da ta ci-rani suka toshe tare, har yunwar shekarar ta ɗauki sunan El Buhari a bakin jama'a. Akwai masu ɓoye kaya domin su matse kasuwa, kuma hukunta su wajibi ne, amma ɗan kasuwar Dawanau ta Kano da ya sayi gero a Nuwamba ya fito da shi a Yuli yana yin aikin da dole wani ya yi, wato ɗaukar hatsi daga watan yalwa zuwa watan rashi. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa shi kaɗai ke da jari da sito da zai iya wannan jira, manomin da ya noma geron ba shi da su.

A nan ne ya kamata hankalin marubucin ya tafi, domin an gwada hanyoyin da ke amsa wannan tambaya kuma an san ƙarfinsu da rauninsu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a Nijar suka fara tsarin jinginar hatsi da ake kira warantaj, inda manoma ke tara buhunansu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba kowa wani kaso na darajar hatsinsa ya biya bukatunsa ko ya ja sana'ar rani, sannan idan ya mayar da rancen kafin damina ya karɓi buhunansa a lokacin da suka yi daraja. Manoman da aka ce ba su san tanadi ba sun shiga tsarin da zarar an buɗe musu ƙofa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ke hana su ajiya tun farko. Buhu mai ninki uku da ba ya shigar da iska, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masu bincike na Afirka ta Yamma daga 2007, ya ba mai wake damar ajiye shi watanni ba tare da ƙwari sun cinye ko an zuba masa guba ba, kuma tsoron ƙwari yana daga cikin abin da ke sa a gaggauta sayar da wake. A Maraɗi da Damagaram, sassabin zamani, wato barin kututturan da ke tohowa a gona su girma a riƙa yi musu aski maimakon a sare su a ƙone, ya dawo da itatuwa a filin da masu bincike suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, musamman gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya taki ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba, kuma itacen girki da abincin dabba da ake samu daga nan kuɗi ne da ke shigowa da rani. Zakkar hatsi ma, kashi 1 cikin 10 na abin da ruwan sama ya shayar da rabin haka na abin da aka shayar da wahala, da za a riƙa tara wani ɓangarenta a ajiye zuwa Yuni maimakon a rabar da ita duka a makon girbi, da ta riski mabukata a lokacin da kwano ɗaya ke daidai da biyu.

Ko wanne daga cikin waɗannan yana da iyaka. Bankunan hatsi da aka kakkafa a ƙauyukan Sahel bayan farin shekarun 1970 da 1980 da yawansu sun durƙushe saboda rancen da ba a biya ba da raunin shugabanci, warantaj yana cutar da masu shi a shekarar da farashi ya ƙi tashi, kuma yana amfanar wanda ke da buhun da zai jinginar ne, a garin da sito zai kwana lafiya. Gidan da amfanin gonarsa ba ya wuce wata huɗu ko da bai sayar da ko mudu ɗaya ba, kuma irin waɗannan gidaje suna da yawa a inda ƙasa ta yi ƙaranci, bukatarsa tallafin kuɗi ko na abinci ce kai tsaye, kuma lokacin isar tallafin ya fi yawansa muhimmanci. Buhun da ya iso a watan Mayu yana tsayar da magidanci a gonarsa lokacin noman fari, ya hana shi cin falle, ya bar wa matarsa akuyarta, alhali buhun nan idan ya iso a ƙarshen Agusta yakan tarar an riga an jinginar da gonar, ciyawa ta cinye abin da aka shuka, yaron kuma yana kwance a asibiti.